Kafintan da Tela Ya Ɗinka

Tun farkon shekara Malama ba ta rubuta layi ɗaya da za ta iya nuna wa mutum ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Kullum in an gama karin kumallo sai ta ɗauki kofin shayinta ta shiga ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda, ta turo ƙofa, kamar yadda ta saba tun kafin ta bar koyarwa. A da, in ƙofar nan ta rufu, gidan cika yake da muryarta, domin Malama ba ta iya rubutu baki a rufe ba. Faɗa take yi da mutanen littafinta, ta daka musu tsawa, ta dawo ta lallashe su, wani lokaci a ji ta tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Duk sabon maƙwabcin da ya tare a benen sai ya ɗauka baƙi take yi kullum, kuma baƙin ba su da tarbiyya.

Yanzu ɗakin ya yi tsit. Takan zauna ta fiƙe fensiran da ba su dakushe ba, ta goge teburin da ba shi da datti. Yau ta jera littattafanta bisa tsayi, gobe ta rushe ta jera su bisa launi. Ta san lokacin da matar benen da ke kallon nasu take shanya, har ta san rigar mijin matar da ta fi koɗewa. In ta daure ta rubuta jimla guda, sai ta karanta ta ji kamar ta taɓa rubuta ta a wani littafin, kuma a can ta fi kyau. Babu shawarar da ake ba mai irin wannan ciwo da ba ta gwada ba. Ta yi yawon ƙafa da yamma, ta karanta littattafan wasu har ta ji haushinsu, ta sayi sabon biro, ta juya teburin ya kalli bango. Autarta da ke aure a wani gari ta ji muryarta a waya ta ce, “Mama, kin gaji, ki huta mana.” Malama ta ce to. Ina amfanin gaya wa yarinya cewa hutun shi ne ciwon?

Editar kamfanin da ke buga mata littattafai ta kira har ta gaji, Malama tana kallon wayar tana ruri ba ta ɗagawa. A ranta ta riga ta yanke shawara: ƙarshen wata za ta kira matar da kanta ta ce ta ajiye alƙalami. Ba rashin littafin ne ke hana ta sukuni ba, littattafai sun yi yawa a duniya. Tsoro take ji, tsoro na gaske, domin tun tana budurwa ba ta san kanta da wani abu ba sai rubutu, kuma ba ta san wace irin mata ce za ta rage ranar da ta daina shiga ɗakin nan ba.

Mijinta tela ne, kuma Tela kowa ke kiransa, har ita in ranta ya ɓaci. Gajere ne mai sanƙo, tef ɗin awo ba ya barin wuyansa ko a wajen cin abinci. Bai taɓa karanta littafinta ya kai ƙarshe ba, shafi kaɗan barci ke kwashe shi, amma duk ya jera su a shagonsa sama da kwalayen zare, kowanne cikin ledarsa, kuma ba ka isa ka kawo ɗinki ka fita ba a nuna maka su ba. Kullum in ya dawo cin abincin rana sai ya ce, “Malama, yaya aiki?” Ta ce, “Ana yi.” Ya ce, “Madalla.” Daga nan kowa ya sa cokali.

A kemis abin ya fara fitowa fili, ranar da ta je sayen maganin ciwon gwiwa. Tana tsaye tana jiran a ɗauko mata sai nas ɗin da ke zaune a ƙasan benensu ta dafa ta ta baya.

“Malama, wallahi neman ki nake yi. Don Allah kada ki kashe kafintan nan.”

“Wane kafinta?”

“Na sabon littafinki mana. Dogon nan mai gashi, wanda ya kori ɓarayi da guduma. Ni dai in kika kashe shi, mun ɓata.”

Malama ta juyo. Ta dubi nas sosai ko za ta ga alamar zolaya, ba ta gani ba.

“A ina kika ji wannan?”

“A shagon maigidanki. Rigar aiki na kai a rage mini, tun wancan makon nake zarya. Rigar dai ba ta samu ba, amma labari ya yi nisa.” Nas ta matso ta rage murya. “Matar tasa ce ban gane mata ba. Mace da irin wannan miji, ga furanninta cike da bayan gida kowa na sha'awa, sannan a wayi gari ta zama shiru-shiru, furannin suna bushewa tana kallo? Aljanu ne, ko?”

“Za ki gani a littafi,” in ji Malama, don abin da ya zo bakinta ke nan. Ta karɓi maganinta ta fita. Yadda ta haye benen nan a fusace, ba ka ce gwiwa ce ta kai ta kemis ba.

Da rana Tela ya dawo, ya wanke hannu, ya zauna. Labarin zuciya a tambayi fuska, kallo ɗaya ya yi mata ya haɗiye tambayarsa ta kullum, ya duƙufa kan shinkafarsa kamar an ba shi aikin tsince ta.

“Tela.”

Da jin sunan ya sha jinin jikinsa. “Na'am, Malama.”

“Ashe ina da sabon littafi ban sani ba?”

Ya ajiye cokali ya shafa sanƙonsa. “Ai ba laifina ba ne, mutane ne. Kullum sai sun tambaya, ina littafin Malama, yaushe zai fito. Shi ne na ce musu an kusa, saura maɓalli.”

“Maɓalli.”

“Haka muke cewa, ke ma kin sani. Tela ba ya ce wa mai kaya ba a yanka yadinsa ba. In ka faɗi haka ka karya masa zuciya. Ka ce saura maɓalli, sai ya tafi da murna, kai kuma kunya ta sa ka ɗauki almakashi.”

Malama ta kafe shi da ido. “Wa ya ce maka ba a yanka nawa ba?”

“A'a, misali ne kawai,” ya yi maza ya ce, ya kai ruwa baki. Ita ma ba ta bi zancen ba, don ba ta son jin inda zai kai su.

“To,” ya ci gaba, “sai direban tasin nan mai taurin kai ya ce in har saura maɓalli ne, in faɗa musu labarin mene ne. Ina cikin tunanin abin da zan ce sai na ji bakina ya ce kafinta.”

“Ɓarayin fa?”

“Na ga Mai Ritaya yana gyangyaɗi, shi ne na sako su.” Mai Ritaya tsohon ma'aikacin gidan waya ne, wanda tun da ya bar aiki ya mai da bencin shagon Tela ofishinsa. “Da farko kaɗan ne. Da na ga abin ya karɓu sai suka ƙaru.”

A gaskiya ba ƙaryar ce ta fi ƙona wa Malama rai ba, muninta ne. Mutum ya kwashe shekaru yana tace magana kamar mai tsince wake, sannan a wayi gari ana yawo da sunansa a unguwa haɗe da guduma.

“In za ka yi ƙarya da sunana, ka yi mai kyau mana! Me ya haɗa labarin mata da miji da ɓarayi? Kuma dogo mai gashi! Ka taɓa ganin dogo mai gashi a littafina?”

“Wataƙila ban kai wajen ba,” in ji Tela, tsakaninsa da Allah.

Saura kaɗan dariya ta ƙwace mata, ta danne ta da ƙyar. “Ga matar kuma. Nas tana ce mini aljanu ne. Mace ba ta isa ta gaji ba sai an ce aljanu?”

“Ni ban ce aljanu ba.”

“To me ka ce?”

“Ban ce komai ba. A nan na maƙale.”

“To ka ci gaba da maƙalewa. Daga yau ka rufe bakinka, kada in sake jin kafinta ko maƙerin wani. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.”

“Na daina, Malama. Na yi alkawari.”

Da shekarunta a gidan tela, da abin da idonta ya gani na mutanen da ke zuwa har ƙofar gida neman kayansu, sai ga Malama ta yarda da alkawarin tela.

Washegari ta shiga ɗakinta kamar kullum, ta tarar kafinta ya riga ta shiga. Duk inda ta juya tunaninta sai ta ci karo da shi, kuma duk lokacin da ta ci karo da shi sai ta ji haushi. Wane irin kafinta ne ba a ce komai kan hannunsa ba? Ai kafinta a hannu ake gane shi, farcen babban yatsa baƙi, tafin kamar bayan itace. In ma yana da gashin, garin katako zai cika shi. Matar kuma a me ta shuka furannin? Tela ba zai taɓa tunanin wannan ba. A tsofaffin gwangwanaye ne da bokitan da gindinsu ya huje, da wata tukunya da ta tsage aka hana a yar. Har ta kai hannu ta ɗauki fensir, sai ta tuna labarin ba nata ba ne, kuma labarin banza ne, ta mayar da shi inda yake. Matar benen can ta fito shanya, Malama ta koma kallonta.

Bayan 'yan kwanaki tana dawowa daga kasuwa da jaka a hannu, tasi ta tsaya kusa da ita. Direban nan ne mai taurin kai.

“Malama, shigo in rage miki hanya.”

Ko gama rufe ƙofa ba ta yi ba ya fara. “Gaskiya kin iya rubutu. Gobarar nan ta jiya, har gida na je ina ba yara labari.”

“Ta jiya?”

“Ta kasuwar katako mana. Yadda kafinta ya dinga fito da mutane a kafaɗa, bibbiyu, gashinsa ko ƙonewa bai yi ba.”

“Allah Sarki,” in ji Malama a hankali. “Ko ƙonewa bai yi ba.”

Ta sauka a gida, ta ajiye kaya, ta jira har la'asar ta yi sanyi, lokacin da ta san majalisar shago ke cika. Ba ta bi ta titi ba. Ta bi ta lungun bayan shaguna, inda ƙofar baya take, wadda Tela ke barinta a buɗe saboda iska. Niyyarta ta kama shi dumu-dumu, ta wanke shi a gaban masu sauraronsa, kowa ya huta.

Bayan shagon ɗan ƙuƙumi ne, teburin guga a gefe, ƙyallaye cike da buhu, da labulen da masu gwada kaya ke ja. A bayan labulen ta tsaya, tana leƙe ta inda ya ɗan yage. Tela yana kan keken ɗinki, ƙafarsa na aiki, wata riga shuɗiya na wucewa ƙarƙashin allura. Mai Ritaya na kan bencinsa, ya ɗora haɓa kan sanda. Nas ta zauna kan kujerar roba da jakarta a cinya, direba kuma ya tokare bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

“Tela, mun gaji da gobara,” direba yake cewa. “Matar nan muke so mu ji. Kullum in an zo kanta sai ka kawo mana wani bala'in.”

“Ni ma akwai abin da bai shige ni ba,” in ji Mai Ritaya. “Ka ce ta daina ba furanninta ruwa. Amma can baya ka ce kullum da safe tana fita da buta. Wanne za mu ɗauka?”

Ƙafar Tela ta tsaya, ƙarar keken ta mutu.

“Duka biyun, Baba. Tana fita, kullum, ba fashi. Ta ɗauki ƙatuwar butar nan ta zaga bayan gida, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karkata ta. Shi ta taga yake kallo, bayanta kawai yake gani. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kallon mace tana ɗaukar ruwa ya san yadda kafaɗarta ke sauka. Sai ya ga kafaɗar ta daina sauka. Butar babu komai a ciki.”

Malama ta ji hannunta ya damƙe labulen ba da saninta ba.

“To don me take wahalar da kanta?” nas ta tambaya.

“Don kada ya sani. Kunya take ji. Duk unguwa da furanninta aka san ta.”

“Ya tambaye ta mana!” in ji direba. “Mene ne a ciki? Ni da matata ce, zaunar da ita zan yi in ce ke, me ke faruwa?”

“Kai da ka iya tambaya ai mun ga inda ta kai ka,” in ji Mai Ritaya. “A mota kake cin abincin rana.”

Aka yi dariya, ban da Tela. Yana ta gyara bakin rigar da ba ta buƙatar gyara.

“In ya tambaye ta, ta san ya sani,” ya ce. “Abu ɗaya da ya rage mata shi ne tana ganin bai sani ba. Shi ma ya ƙwace mata?”

“To me ya yi?”

“In ta fita kasuwa sai ya lallaɓa ya ba su ruwan da kansa. Amma kafinta ne, bai san awon ruwan fure ba. Ya yi ta kwarara musu har saiwar ta fara ruɓewa. Da ta gane an taɓa mata kaya, ta yi masa tas.”

“Shi ya ja wa kansa,” in ji nas. “Wa ya aike shi? Daga nan fa?”

“Daga nan ban sani ba.”

“Haba Tela! Ba kai ke kwana gida ɗaya da littafin ba?”

“Ba a rubuta wajen ba tukuna.” Muryarsa ta yi ƙasa, har sai da Malama ta kasa kunne. “Wallahi da na sani da na gaya wa kafintan. Mutumin nan ya iya katako. In kujera ta karye ya ɗora ta, in ƙofa ta cije ya fere ta. Wannan kuwa ya zazzage akwatin kayan aikinsa kaf bai ga abin kama shi ba. Kuma ku daina ganin furannin ne suka dame shi, shi ko sunayensu bai riƙe ba. Da, in tana ba su ruwa, hira take musu, ta yi wa wannan faɗa ta yabi wancan, shi yana daga ciki yana jin ta yana ɗaura takalmi. Wannan ya rasa. Gidan ya yi masa girma.”

Malama ta zo da faɗa cike da baki, ta neme shi ta rasa. Kunya ce ta fara rufe ta, don duk watannin nan tana ganin ta iya ɓoyo, ashe mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Bayan kunyar sai tausayi, sai kuma wata ƙauna mai nauyi ga ɗan gajeren mutumin nan da ya rasa yadda zai yi mata magana, ya je ya ƙara wa kansa tsayi da gashi ya faɗa wa direban tasi. Hawaye ya cika mata ido, ta bar shi ya zubo.

Amma ƙarƙashin duk wannan akwai wani abu da ke motsi, wanda ta daɗe ba ta ji ba har ta kusa manta shi. Tela ya yi kuskure a wuri ɗaya. Ya ga kafaɗar matar, amma bai san abin da ke ranta lokacin da take karkata butar ba. Babu wanda ya sani a shagon nan sai ita. Ta san shi ciki da waje, ta zauna da shi kowace safiya tun farkon shekara, kuma ko sau ɗaya bai taɓa zo mata cewa labari ne ba.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta yaye labulen.

“Ba haka aka yi ba.”

Nas ta dafe ƙirji. Makullin direba ya faɗi ƙasa. Tela ya miƙe zumbur har kwalin zare ya kife, zarurruka suka gangara ƙarƙashin benci, ya tsaya tsuru-tsuru yana jiran abin da zai biyo baya.

“Baba, ɗan matsa mini,” ta ce wa Mai Ritaya. Ya matsa, ta zauna, ta gyara mayafinta.

“Ba kunya kaɗai take ji ba,” ta ce. “Tana fita da butar ne don kada ƙafarta ta manta hanya. Kullum tana ce wa kanta, in na ci gaba da zuwa, wata rana zan karkata ta in ga ruwa. Kuma ba ta san ranar da ruwan ya ɗauke ba balle dalili, babu wanda ya ɓata mata rai, babu aljanin da ya taɓa ta.” Ta ɗan dubi nas, nas ta sunkuyar da kai. “Abin da ta fi tsoro shi ne ranar da za ta ajiye butar. Gani take mijin zai dube ta ya ga wata tsohuwa kawai, mai ciwon gwiwa, da babu komai a bayan gidanta.”

“Ai wannan kafintan ba zai taɓa...” Tela ya fara.

“Kai ka rubuta ko ni?”

“Ke, Malama.”

“To ka bar ta ta ji tsoronta tukuna. In ka yi saurin lallashinta babu littafi.”

“Yauwa!” in ji direba, ya tsugunna yana laluben makullinsa. “Yanzu muka samu mai abu. To ƙarshen fa, Malama? Furannin za su tashi?”

“Ban sani ba,” ta ce. Ta ji maganar ta fito mata da sauƙi, kuma ta yi mamakin yadda rashin sanin bai tsorata ta ba. A da ma haka take fara kowane littafi.

Mai Ritaya ya dubi Malama, ya dubi Tela, ya ga abin da ya gani. Ba banza ya tsufa ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

“Ku tashi mu tafi, shagon nan ya yi zafi. Kai, zo ka sauke ni a gida.”

“Yanzu fa aka zo wajen daɗin, Baba.”

“Na ce ka zo.”

Nas ta ɗauki jakarta, ta buɗe baki za ta yi zancen rigarta, ta fasa. Suka fita, shagon ya rage daga shi sai ita. Tela ya durƙusa yana tsince zarurrukan ɗaya-ɗaya, ya ƙi yarda su haɗa ido.

“Maigida.”

Jin ba ta ce Tela ba ya sa ya ɗago.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun makon farko.”

“Ka bar ni kullum ina ce maka ana yi?”

“Ke ma ai kin bar ni ina cewa madalla.”

Dariyar da ta danne rannan ta fito, da hawaye a cikinta. Tana share ido sai ta lura da kusurwar shagon. Kayan mutane ne tuli guda, yadudduka a naɗe ko alli bai taɓa su ba, rigar nas tana can sama yadda aka kawo ta. Tela mai saɓa alkawari ne, wannan ba labari ba ne, amma ba rago ba ne, ba ta taɓa ganin ya tara aiki haka ba.

“Wannan tulin fa? Lafiya?”

Ya shafa sanƙonsa. “Ba na buɗe shago da wuri yanzu.”

“Ina kake zuwa? Kullum ina jin fitarka da safe.”

Ya daɗe yana juya zare a hannu kafin ya amsa.

“Nakan buɗe ƙofar gida in rufe, don ki ji. Sai in cire takalmi in dawo a hankali in zauna a baranda, jikin bangon ɗakinki, ko zan ji kin yi wa wani tsawa. In rana ta yi sama ban ji ba, sai in tafi.”

Malama ta dube shi. Duk safiyoyin nan da take ganin babu wanda ya kai ta kaɗaici a duniya, bango ɗaya ne tsakaninsu, yana zaune a kan siminti da takalmansa a hannu.

Ta miƙe ta je teburin yanka. Ta jawo falle ɗaya na takardar nan mai ruwan ƙasa da yake fitar da fasalin riga a kai, ta kawar da almakashi, ta ɗauki guntun fensirin da yake rubuta awo da shi.

“Gobe kada ka cire takalmi,” ta ce, ba ta juyo ba. “Ka shigo da kujera ciki. In ba ni da abin rubutawa, mu rasa tare.”

“To, Malama.”

Ya koma kan kekensa. Zaren ya zare daga allura, ya lashi bakinsa ya kai, ya kuskure, ya sake kaiwa ya sake kuskurewa, don idon ya ƙi ba shi haɗin kai. Ita kuwa ta sunkuya kan takardar, ta fara da matar tana ɗaga butar daga bakin ƙofa da hannu ɗaya.